Kibod mai garau ɗin jiki da fitilu: sharhina

Kibod ɗin da nake rubutu da shi yanzu irin wanda ake hango cikinsa ne. Jikinsa roba ce garau, kana ganin allon lantarkin da batir da ɗan sifirin da ke ƙarƙashin kowane maɓalli. Da ka kunna shi sai haske ya taso daga hagu ya bi ta kan maɓallan zuwa dama, shunayya da shuɗi, ka ce tebur ɗin matuƙin kumbo ne. Masu tallarsa cewa suke yi fasalin gobe ne.

Goben nan dai ta kwana biyu. Hasken launi cikin duhu tun fim ɗin Blade Runner na 1982 ake ta maimaita shi, fim ɗin da mai zane Syd Mead ya zana motocinsa, kuma Los Angeles ta 2019 fim ɗin ya hasko, shekarar da ta zo ta wuce. Jikin da ake ganin ciki ma Apple ta yi shi da kwamfutarta iMac G3 tun 1998. Tsohon yayi ne aka wanke, ni kuma ban ƙi ba.

Fitilun ne suka fi ɗaukar ido, su ne kuma suka fi saurin gundura. Kowane maɓalli yana da fitila mai ja da kore da shuɗi, kowane launi da matakai 256, shi ya sa ake rubuta launi sama da miliyan 16 a jikin kwali. Ni fari guda ya ishe ni, shi ma na rage masa ƙarfi, domin da dare hasken yana fita ta ko'ina a jikin robar ya kashe ido, haruffan kuma su ɓace. Batir ma ba ya jimawa in fitilun na rawa.

Abin da ya riƙe ni shi ne garau ɗin jikin. Ka danna maɓalli, ka ga sifirin ya lotsa ya miƙe. In wani maɓallin ya fara gardama, ka zare shi da ɗan matsefin da ya zo da shi, ka cusa sabo, ba ruwanka da liƙa shi da dalma. Sai dai duk ƙurar da ta shiga, ko silin gashi, tana nan a fili, ba ta da maɓoya.

Mai son ƙawata tebur zai ji daɗinsa. Mai rubutun dare ya nemi wanda haskensa ke fitowa ta cikin haruffan.