Masu feshin da suka fara da leƙa kunnen ɓera

Ga 'yan uwa masu kula da gona ko istiraha (gidan shaƙatawa) a yankin Asir na Saudiyya, ina so in ba ku labarin wani kamfanin kashe ƙwari na birnin Abha da maigidana ya ɗauko mana a gonar da nake gadi. Aikinsu ya gamsar da ni, ko da yake akwai inda suka gaza.

Mun saba da masu feshin da za su zo da tanki a baya, su wanke ko'ina da magani, su karɓi kuɗi su tafi. Waɗannan ranar farko ko tanki ba su sauke ba. Tarkuna suka ɗana a gindin katangar dutse da bayan ɗakin abincin awaki. Da asuba shugabansu, wani yaro Bahaushen Sudan, ya kira ni ya ce, "Baba, zo ka gani." Ya sa safar hannu, ya buɗe kunnen ɓeran da aka kama, ya miƙo mini gilashin ƙara girma. Cikin kunnen wasu ɗige-ɗige ne jajaye-jajaye a cunkushe, kamar an barbaɗa garin barkono. Ya ce 'ya'yan wani ƙwaro ne dangin kaska, kuma irinsu ne ke yaɗa zazzaɓin sukurab taifus, wanda ba shi da alaƙa da taifod.

An daɗe ana ɗauka cutar Asiya ce, daga Japan zuwa Pakistan da arewacin Ostireliya. Amma a 2006 wata mata ta kamu da wani nau'inta bayan ta ziyarci Dubai, kuma a 2023 masu bincike suka bayyana cewa sun sami wannan nau'in a jikin ɓerayen daji a nan kudu maso yammacin Saudiyya. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne cizon ba ya zafi. Sai bayan kamar kwana shida zuwa mako uku zazzaɓi da ciwon kai su taso, wani lokaci da ɗan gyambo mai baƙin ɓawo a hammata ko matsematsi. Allurar rigakafi babu, amma likita na maganinta da doxycycline in an je da wuri.

Sun sa muka nome ciyawar bakin hanya, muka toshe ramuka, sannan suka yi feshi a inda ya kamata kawai. Sun kuma ce mu riƙa cusa ƙafar wando cikin safa, mu yi wanka da mun fito daga ciyawa.

Inda suka gaza: ƙwarin da suka ɗiba a kwalba, sun ce za su kai gwaji su sanar da mu, har yau shiru. Wannan ya dame ni ƙwarai, don yarana a ciyawar nan suke wasa. Kuɗinsu ma ya fi na sauran. Duk da haka zan sake kiransu, amma wanda zai ɗauke su ya sa a rubuta maganar sakamakon gwaji a takardar yarjejeniya kafin ya biya.