Wasiƙa daga Nagoya: kaya na nan, tela na gida

Auta, bayan gaisuwa mai yawa, ki gaida Inna da mutanen gida. Na ga saƙonki cewa in turo miki cikakkiyar shigar jarumar katun ɗin nan da kike so. Ba zan turo ba, amma ki bari in gaya miki dalili kafin ki kumbura.

Abin da kike son farawa, wato yin shiga irin ta jaruman katun, a nan Japan kosufure suke ce masa. Gutsuren kalmomin Turanci biyu ne, na sutura da na wasa, wani Bajapane mai suna Nobuyuki Takahashi ya haɗa su a farkon shekarun 1980. Garin nan kuwa cibiyarsa ne: tun 2003 ake babban taronsa na duniya a Nagoya, yawanci a farkon Agusta. Da na fara ganin masu yinsa a unguwar Osu, manya da gemu sun sha ado suna tafiya, tashe kawai na tuna. Bambancin, su ba sa bin gidaje neman sadaka, su ne ma ke kashe kuɗi.

Kaya kam, Allah ya ba su. Akwai kantunan Daiso, inda yawancin abu yen 100 ne a kuɗin Japan, da haraji 110. Da canjin aljihu sai ki fito da gam, fenti, zare, maɓallai da ƙananan faifan soso. Gashin kanti kuma kowane launi akwai shi, har shuɗi da ruwan hoda, wanda ke jure zafin abin gyaran gashi. A Tokyo ma akwai unguwar Nippori, shagunan yadi a jere, kamar an yanko Kantin Kwari an share shi tas.

Inda gizo ke saƙar shi ne aikin hannu. Na taɓa kai yadi wani shagon ɗinki a yi mini riga ɗaya. Matar ta karɓe ni da ladabi, ta rusuna, ta danna na'urar lissafi ta juyo mini da ita. Wallahi kuɗin ya isa ɗinkin Sallar gidanmu, kuma sai na jira makonni. Na naɗe yadina na fito. Shi ya sa masu wannan harka a nan ko dai su koyi keke da kansu, ko su sayi ɗinkakke na kamfani, wanda yadinsa shara-shara ne, da wuya ya zauna a jiki.

Ke kuwa telan Inna yana bakin kasuwar Birnin Kebbi. Nuna masa hoto a waya, gaba da baya, ki ce ya fara gwadawa da yadi mai araha kafin a taɓa mai kyau. Zai saɓa alkawari, na sani, amma zai auna ki, abin da kamfani ba ya yi. Ɗamara da jakar gefe ki kai wa dukawa. Sulke da kambu kuma da sosan EVA ake yin su, wato irin robar da ake yanka silifa, kuma masu haɗa takalmi suna da ita har da gam ɗinsu. Ki fitar da siffar a takarda tukuna, ki yanka da reza sabuwa, ki shafa gam a ɓangarorin biyu, ki bari ya sha iska kafin ki manna. A waje za ki yi, warinsa na hawa kai. Kada ki je wurin maƙeri neman takobi. A nan ma ba a shiga taro da na ƙarfe, na soso ake yi.

Ki zaɓi shiga mai sauƙi wadda ta rufe jiki. 'Yan matan Malesiya da Indunusiya da hijabi suke yi, su naɗa mai launin gashin jarumar ya tsaya a madadinsa, kuma yana kyau ƙwarai. Ga zafinmu na bazara, wa zai iya da gashin roba a ka?

Ɗabi'a ɗaya tasu ta burge ni: ba a shiga jirgin ƙasa da shigar. A akwati ake jan ta, a canza a ɗakin da aka ware a wurin taro, kuma ba mai ɗaukar ki hoto sai ya nemi izini. Ke ma a tsakar gida za ki fara, ba a titi ba.

Abokin aikina zai zo gida bayan Sallah, zan ba shi fenti da maɓallai. Ki turo mini hoton da za ki kai wa telan, in gani kafin Baba ya gani.