Manhajar ƙidayar kwamfutoci: wacce za ta ga duk na'urorin ofishinka?

Mai kula da kwamfutocin makaranta, asibiti ko cibiyar jarrabawa a Gombe ya san wannan ciwon kai: ka saki manhaja ta zagaya netiwok ta ƙirga na'urori, ta dawo da rabi, sauran ta ce an hana ta shiga. Kafin ka fitar da dala kan lasisi, duba irin kwamfutocin da ke gabanka, domin su ne za su yi maka zaɓin.

Kashi na farko su ne masu leƙawa daga nesa, ba tare da an girka komai a kowace kwamfuta ba. PDQ Inventory na cikinsu, kuma Windows kaɗai take dubawa; tana bi ta ADMIN$, wata ɓoyayyiyar folda da Windows ke buɗe wa asusun shugaba ta netiwok, don haka ƙofar netiwok (port) ta 445 sai ta kasance a buɗe. Lansweeper tana amfani da WMI, hanyar da Windows ke ba da bayanan kwamfuta, wanda ke buƙatar ƙofa ta 135 da wasu daga 49152 zuwa 65535. Inda akwai saba mai Active Directory, tsarin Microsoft na sarrafa kwamfutocin ofis daga wuri ɗaya, doka ɗaya za ka rubuta ta buɗe ƙofofin a ko'ina, aiki ya tafi sumul.

To amma ofis nawa ne ke da wannan a Gombe? Yawanci kwamfutocin gwanjo ne aka sayo ɗaya bayan ɗaya, kowace da tata kalmar sirrin, da dama kuma Windows Home ne, wanda ba ya shiga Active Directory ko kusa. A irin waɗannan, Windows kan rage wa asusun shugaba iko idan ya shigo ta netiwok, sai ka saka LocalAccountTokenFilterPolicy a rajista, wato ma'ajiyar saitunan Windows, ka ba shi 1, kuma yin hakan sassauta tsaro ne. Wata kuwa an saita haɗinta a matsayin na bainar jama'a, katangar tsaro ta toshe komai. Ga tsaurin da Microsoft ya ƙara wa DCOM (hanyar da WMI ke bi tsakanin kwamfutoci), wanda ya zama dole tun Maris 2023, yakan haddasa saɓani tsakanin kwamfutar da aka sabunta da wadda aka bari a baya.

Shi ya sa na fi karkata ga kashi na biyu, masu wakili: 'yar ƙaramar manhaja da ke zama a cikin kwamfuta tana aika rahoto da kanta. OCS Inventory da GLPI kyauta ne, wakilansu na aiki a Windows, Linux da Mac. An ɗauke wuta lokacin zagaye, ko ma'aikaci ya tafi da laftof Bajoga ko Kaltungo? Da ya dawo ya kunna ta a ofis, rahoto zai iso. Wahalarsu dai sai ka tanadi saba, galibi ta Linux, da mutumin da ya iya riƙe ta. Idan babu shi, kyautar za ta yi maka tsada.

Lansweeper ma tana da nata wakilin, LsAgent, kuma tana ba da na'urori 100 kyauta. Sai dai firinta da siwic duk a cikin lissafin suke, ɗarin kan cika da wuri. Su waɗannan ba a saka musu wakili. Ta SNMP, yaren da na'urorin netiwok ke ba da bayanansu da shi, a ƙofa ta 161 ake karanta su, saboda haka tabbatar manhajar da za ka ɗauka ta iya wannan. Lokacin gwaji kuma, kada ka fara da sababbin kwamfutocin ofishin oga, fara da tsofaffin da suka saba ƙin amsawa.