Kyamarar ruwan da na saya: Wikki ta fitar da ita kunya, Dadin Kowa ta tona asirinta

Wata huɗu ke nan da na sayi 'yar kyamarar nan da ake shiga ruwa da ita. Tun ranar da na ɗora bidiyon yarana suna kurme a maɓuɓɓugar Wikki da ke Yankari ake ta tambayata a waya, nawa ce, a ina na samo, ta ci kuɗinta kuwa? Na gaji da amsawa ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa na ce bari in rubuta a huta.

Kallo ne ya ja ni. A azumin bara, bayan sallar asuba barci ba ya ɗaukata, sai na kamu da kallon masu gasar harbin kifi a ƙarƙashin teku. Za ka ga mutum ya kwanta rub da ciki a kan ruwa yana numfashi ta wani ɗan bututu, can sai ya ja iska sau ɗaya, ya kifa kai, ya sulale ƙasa. Babu tukunyar iska a bayansa. Ya sauka mita 15 ko 20, ya lafe a jikin dutse kamar maharbi a gindin kalgo, ya jira kifi ya matso da kansa, sannan ya saki mashi daga wata bindiga da roba ke harbawa, tamkar danƙon yara amma na manya. Hukumar da ke shirya gasar duniya ta wannan wasa, CMAS, an kafa ta a Monako a 1959, kuma Jacques Cousteau ne shugabanta na farko. A ƙa'idarsu numfashinka kaɗai ne jarinka. Ana shafe sa'o'i ana nutso ana tasowa, a ƙarshe a auna abin da kowa ya kamo, kifin da bai kai nauyin da aka yanka ba a ajiye shi gefe, wasu nau'ukan ma an hana taɓa su.

Waɗanda suka fi tafiya da hankalina su ne na ruwan sanyi, irin gaɓar Norway, da Kalifoniya, da ɓangaren Atilantika na Cape Town inda igiyar ruwan sanyi ta Benguela ke sa ruwa ya sauka kusa da digiri 12. A Kalifoniya akwai wata ciyawar teku da ke tashi daga ƙasa har saman ruwa, ta fi giginya tsayi, rana na ratsowa ta tsakaninta. Masu nutson na sanye da rigar roba mai kaurin milimita 5 ko 7, domin ruwa na zuƙe ɗumin jiki fiye da iska sau ashirin da wani abu, da kuma ɗamarar dalma a ƙugu don kada robar ta riƙa taso da su. Kyamarar kuma na ɗaure a goshinsu ko a kan bindigar. Ni da na tashi a Bauchi, iyakata iyo a kududdufi da damina, sai na raya a raina ai kyamarar ce ke yin aikin.

A wani shago a wajajen Wunti na same ta, N85,000 bayan doguwar jayayya. Mai shagon ya ce, “Alhaji, wannan ƙanwar GoPro ce, uwa ɗaya uba daban.” GoPro ɗin ita ce fitacciya a irin waɗannan kyamarori. Ba zan faɗi sunan kamfanin tawa ba, irinsu sun yi yawa kuma duk kamarsu ɗaya. A kwalin akwai ita kanta, girmanta bai wuce kwalin ashana biyu ba, da gidanta na roba mai garai-garai, da batir biyu, da wani jan gilashi da ake maƙalawa a gaba, da tarkacen maɗaurai da har yau ban san amfanin rabinsu ba. An rubuta 4K, wato hoto mai fita tangaram, an rubuta tana jure zurfin mita 30. Katin ajiya daban na saya.

Gwajin farko a Yankari muka yi, a watan Nuwamba, ni da uwargida da yara uku. Wanda bai taɓa zuwa Wikki ba, ruwa ne da ke ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin wani dutse ya gangara kogin Gaji, ɗuminsa digiri 31 dare da rana, rani da damina, zurfinsa bai cika mita 2 ba, kuma kana tsaye kana ƙirga yatsun ƙafarka a kan farin yashi. Kyamara ba za ta samu gata ya wuce wannan ba. Ta kuwa yi abin a yaba. Akwai wani wuri da babbar 'yata ta nutsa ta ɗebo yashi ta sake shi a gaban gilashin, ƙwayoyin na saukowa suna ƙyalli ɗaya-ɗaya, zanen hasken rana na rawa a bayan hannunta, har lallen da ke farcenta ya fito ja sosai. Wannan daƙiƙa goma sha biyun na kalle su ya fi sau hamsin. Ko ɗigo bai shiga gidan ba. Wannan na ba ta.

Kuskuren farko nawa ne. Na maƙala jan gilashin nan don na ga masu teku na amfani da shi, sai rabin abin da na ɗauka ya fito kamar an zuba zoɓo a ruwan. Ashe ruwa na haɗiye launuka bi da bi, ja ne ke fara ɓacewa daga wajen mita 5, shi ya sa hotunan zurfi ke rinjayar shuɗi ko kore, gilashin kuma rama wannan ɓatan yake yi. A ruwan da bai shanye tsayin mutum da komai ba, me zai rama?

Sauran kuwa laifinta ne. 4K ɗin nan a kwali ya tsaya. Da na buɗe a kwamfuta sai na ga hoton na tsalle-tsalle, gefe-gefensa a dame, na mayar da ita 1080, wato matakin hoto da ke ƙasa da 4K, sannan ta nutsu, kuma ya fi kyau nesa ba kusa ba. Batir ɗaya bai taɓa kai mini minti 50 ba. Maɓallan gidan suna da tauri, sai ka danna da ƙarfi har hoton ya girgiza. Murya kuwa ka manta da ita, in tana cikin gidan abin da za ka ji kamar ana magana a cikin randa. Mai shago ya ce zan iya zama a bakin ruwa ina kallo kai tsaye a wayata. Gaskiya ne muddin tana sama, tana nutsewa da taki guda sadarwar ke yankewa, don ruwa ba ya barin wannan siginar ta wuce. A nan ban ga laifin kyamara ba, bakin mai sayarwa ne ya yi tsawo. Af, in za ku Wikki, kada ku ajiye jaka a buɗe. Gwaggon biri ya ɗauke mana ledar burodi, da batir ɗina na biyu na cikinta da yanzu wani labarin nake bayarwa.

A Wikkin ne kuma na gane tazarar da ke tsakanina da mutanen bidiyo. Na ce yarona ya duba agogo, na nutsa na zauna a ƙasa ina jin kaina wani gwani. Da na taso ina haki ya ce, “Baba, 34.” Daƙiƙa 34, kunnena kuma na suka tun ban kai mita 2 ba. Su kan yi minti biyu a ruwan da ke daskarar da leɓe. A mita 10 nauyin da ke danne jiki ya ninka na sama sau biyu, iskar huhu ta koma rabi, dole mutum ya riƙa toshe hanci yana hura iska a hankali zuwa kunne tun kafin zafi ya fara. Abin da ya fi kashe su kuma suma ce dab da fitowa, musamman ga wanda ya yi ta jan numfashi da sauri-sauri kafin ya nutsa, don hakan na danne ƙaiƙayin neman iska alhali iskar na ƙarewa. Shi ya sa ba sa nutso su kaɗai, ɗaya na ƙasa ɗaya na sama yana kallonsa. Tun daga ranar na hana yarana gasar daɗewa a ruwa in babu babba tsaye a kansu.

A Janairu aiki ya kai ni Gombe, na ce bari in ƙarasa Dadin Kowa, dam ɗin da aka datse kogin Gongola da shi. A zatona a nan zan ɗauko giwan ruwa ko tarwaɗa a gidansu. Na isa da sassafe, hunturu na kaɗawa, na samu wani dattijo masunci yana ɗinkin koma a gefen kwalekwalensa. Na gaishe shi, na nuna masa kayana. Ya juya ta a hannu ya ce, “Ɗana, me kake son gani a ciki?” Na ce kifi, Baba. Ya yi dariya har da tari. Ya ce, “Mu nan da hannu muke gani a ruwa.”

Bai bar ni na shiga ba. Ya ce akwai dorina a wajen, kuma baƙo ba ya sanin inda take kwana, ga tsargiya ga mai yawan wanka a gefe. Sai muka ɗaure kyamarar a kan gorar tuƙi muka zura. Minti uku da farko babu komai sai fari fat. Gumi ne ya rufe gilashin ta ciki: na wanke gidan da daddare na rufe bai gama bushewa ba, kyamarar ta ɗau zafi tana aiki, ruwan waje kuma da sanyi. Na goge, na cusa 'yar takardar goge hannu a gefe, aka samu sauƙi. Daga baya na koma sa 'yan ƙullin nan masu tsotse laima da ke zuwa a kwalin sabon takalmi, sun fi aiki. To da gumin ya tafi me ya fito? Ruwa kalar kunun tsamiya. Abin da ya wuce kamu ɗaya daga gilashin babu shi. Na ɗaura tocilan ɗin ruwa da na aro, abin ya ƙara lalacewa, hasken na dukan ƙurar da ke yawo yana dawowa, daidai da kunna babbar fitilar mota a cikin hazo a hanyar Alkaleri. Wata inuwa ta gifta sau ɗaya, dattijon ya ce karfasa ce. Na yarda da shi ne kawai.

Saboda haka masu tambayata, amsar ta danganta da ruwan da za ku shiga. In Wikki ne, ko kwamin wanka na otal, ko tankin kiwon kifin da aka sauya wa ruwa, da rana tsaka, ku saya, ku sa ta a 1080, ku ƙara batir, ku duba robar murfin kafin rufewa don ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta shigo da ruwa. In kuwa dam ne ko kogi, ku riƙe kuɗinku, ta miliyan ma abin da za ta ɗauko ke nan.

Kafin in tafi dattijon ya ce tunda na zo, akwai inda ragarsa ta maƙale shekaranjiya, a kan kututturen itacen da ruwa ya shanye. Muka je, muka yi ta laluben wurin da gora, muna zarowa muna dubawa a ɗan allon bayan kyamarar. A karo na huɗu kyamarar ta yi karo da itacen, sai ga zaren ragar ya fito ɓaro-ɓaro, ya naɗe wani reshe sau biyu ta hagu. Ya daɗe yana kallo bai ce komai ba, sannan ya kira jikansa ya nuna masa ta inda zai ɓullo. Yaron ya tuɓe riga ya faɗa ruwan sanyin nan, na duba agogo ba tare da na gaya wa kowa ba. Minti ɗaya da daƙiƙa 20 ya yi, ya taso da bakin ragar a haƙoransa.

Dattijon ya tambaye ni kuɗin kyamarar. Da na faɗa ya riƙe baki, ya zuba mini karfasa biyar a leda, ya karɓi lambata ya ce in ragar ta sake maƙalewa zai kira.