Sukurun tagulla da giris ɗin silikon, wata 8 famfon bahonmu bai ɗiga ba

Jama'a wanga ɗan sukurun da ke riƙe washa cikin kan famfo, girmansa bai kai ƙwayar gyaɗa ba amma wallahi ya ba ni wahala. A unguwar Mabera ta Sakkwato nake, ruwan bohol gare mu, irin mai barin fari-fari jikin buta, ga tanki bisa rufi rana na gasa shi, in Afrilu ya shigo ruwan azahar kamar daga murhu aka sauke, to ƙarfen da ke kwana cikin wannan ina zai kai.

Sau biyu mai gyara yana canja min shi, kowanne launin gwal, wai tagulla ce. Da muka zo kwance na biyun kansa ya cinye, tsatsa ja wur, sukundireba sai zamewa take, sai da filaya ta shiga. Ashe baƙin ƙarfe ne aka yi wa fenti-fentin tagulla.

Wani dattijo mai shagon kayan famfo ne ya waye min kai. Na ce Baba ya ake gane ta gaskiya? Bai ce uffan ba, ya jawo maganaɗisun tsohuwar sifika ya kara bisa tire, jabun duk suka yi tsalle suka manne, na gaske ko motsi. Tagulla jan ƙarfe ce da tutiya, maganaɗisu ba ruwansa da ita, kuma ba ta tsatsa irin ta ƙarfe sai dai ta yi kore. Amma ita ma ba a ce ta tsira ba, mai arha ruwa na tsotse tutiyar cikinta a hankali, ta koma jaja-jaja ta riƙa gutsurewa kamar biskit.

Na sayi 4, ya haɗa min da ɗan giris na silikon. Na jiƙa kan famfon cikin ruwan lemun tsami farin nan ya saki, na ɗauraye na busar, na shafa giris kaɗan ga zaren sukurun kafin in ɗaura. Kar ku sa baƙin mai ko giris ɗin mota ko basilin, kumbura robar washa suke.

Abin da ban ji daɗinsa ba, tagullar taushi gare ta, na farko na matsa da ƙarfi tsagar kansa ta buɗe, asara ɗaya kenan. Shi kuma giris ɗin tsada, ɗan mitsitsi, kuma sai na zaga shago uku kafin in kai ga na Baba.

Makon jiya na kwance don kawai in gani. Yatsa biyu na sa ga sukundireba ya warware, ya ɗan yi duhu amma ba ja ba kore. Na ƙara shafa giris na maida shi, sauran biyun suna cikin gwangwanin madara bisa taga.