Hattara da Masu Zuwa da Sunan Haɗa Muku Ma'aunin Talla a Shafin Intanet

Salamu alaikum 'yan uwa 'yan kasuwa, musamman na Birnin Kebbi, Jega da Argungu. Abin da ya ci ni nake so kada ya ci wani.

Busasshen kifin Yauri nake sayarwa da shinkafa 'yar gida, ina ɗora wa mota zuwa Abuja da Kaduna. Ina da ɗan shafi a intanet, ina kuma biyan talla a Facebook da Google, sai dai ban taɓa sanin wace talla ce ke kawo mini mai saye ba. Ana haka wani matashi ya same ni ta WhatsApp, bakinsa kamar zuma, "Alhaji" sama "Alhaji" ƙasa. Ya ce zai haɗa mini Google Tag Manager, duk nairar da na zuba in ga abin da ta haifa. Ya yanka mini N80,000: wai N50,000 na lasisi, sauran ladan aiki.

Ƙarya ta farko ke nan. Google Tag Manager kyauta ne tun da aka fito da shi a 2012, haka ma Meta Pixel, ma'aunin talla na Facebook. Babu wani lasisi. Ni kuwa na tura kuɗi har da godiya.

Bayan mako guda ya aiko mini hoto: ciniki 214. Na buɗe littafina, kwali tara kacal na fitar. Da na yi magana sai ya ce, "Alhaji, suna tafe, ka dai ƙara kuɗin talla." Na ƙara. Kwaɗayi dai mabuɗin wahala.

Ɗan yayata da ke karatun kwamfuta a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi shi ya warware mini zaren. Ya ce, "Kawu, alamar da ke ƙirga ciniki ana ɗaure ta ne a shafin godiya kaɗai, wanda mutum ke gani bayan ya biya. Shi wannan ya sake ta a kowane shafi." Ya sa na buɗe shafina a kwamfutarsa sau uku, yana duba Tag Assistant, manhajar Google da ke nuna alamar da ta tashi a shafi, sau uku alamar ta tashi. Ashe har ni kaina ana lissafa ni cikin masu saye! Ɓarnar ba ta tsaya nan ba, domin Google Ads da waɗannan lambobin yake koyon irin mutanen da zai kai wa talla. Sai ya zama kuɗina na bin masu leƙe su wuce.

Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne akwatin Google Tag Manager da ake zuba waɗannan alamomi a ciki, mai lamba da ke farawa da GTM. Da imel ɗinsa ya buɗe shi, ba nawa ba. Wanda kuwa ke riƙe da akwatin nan yana iya cusa abin da ya ga dama cikin shafinka daga ɗakinsa, ba sai ya sake neman izininka ba. Da shi ya sauya lambar da ke ƙarƙashin maɓallin WhatsApp ɗina. Ban farga ba sai da wata Hajiya daga Kaduna ta kira tsohuwar lambata tana faɗa, ta biya kuɗin kwali biyu kwana goma babu kifi babu labari. Asusun da ta tura wa ban taɓa jin sunansa ba.

Don Allah, duk wanda zai yi muku wannan aiki, ku buɗe akwatin da imel ɗinku, ku ba shi damar gyara kawai, ikon wallafawa ya zauna hannunku. Kada ku miƙa kalmar sirri. Kafin ku cika masa kuɗinsa, ku sayi abu ɗaya da kanku ku ga an ƙirga ɗaya, sannan ku danna maɓallin WhatsApp ku tabbatar wayarku ce ta yi ƙara. Akwai yaranmu masu amana da suka iya aikin, ba zan yi musu kuɗin goro ba.

Mun cire akwatinsa daga shafin, na kai ƙara wurin 'yan sanda, Hajiya kuma na aika mata kifinta daga aljihuna. Shekaranjiya wani abokina a Jega ya turo mini tallar matashin nan, ya sauya suna da hoto, amma lasisin yanzu N65,000 ne.