Syslog ko tsarin Netcool: waɗanne gurabe za ka sa wa teburin ƙararrawa?

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ƙanenmu da ke ajin ƙarshe a sashen kwamfuta ya kawo tambaya, na ga an ba shi amsoshi gajeru, kowa ya ja nasa ɓangare. Yana haɗa manhaja ce da za ta riƙa sa ido a kan netwok ɗin wani mai raba intanet a cikin garin Katsina, rautoci da rediyoyi wajen 30, sai ya cije a kan teburin da zai riƙa ajiye ƙararrawa a rumbun bayanai. Wani ya ce mashi ya kwaikwayi guraben syslog, tsarin da na'urori ke aiko da saƙon abin da ke faruwa da su, wani ya ce ya ɗauko na Netcool, manhajar sa ido a kan netwok. Wanne zai bi?

Ƙanena, kafin ka zaɓa, ka sani abubuwa biyun nan ba aiki ɗaya suke yi ba. Syslog abin da na'ura ta faɗa yake rubutawa. Teburin Netcool kuwa abin da yake a lalace yanzu yake riƙewa. Kamar littattafai biyu ne na mai shago a babbar kasuwa: na ciniki, wanda duk abin da ya fita sai a ƙara layi, ba a komawa a goge; da na bashi, wanda kowane mutum shafinsa ɗaya ne, in ya ƙara ci a gyara lissafi, in ya biya a soke.

Syslog ya girmi yawancinmu. Eric Allman ne ya ƙirƙiro shi a shekarun 1980 don manhajar Sendmail, aka rubuta yadda ake amfani da shi a takardar ƙa'idar intanet mai suna RFC 3164 a 2001, sannan RFC 5424 ta tsara shi sosai a 2009. Gurabensa kaɗan ne: lambar fifiko, lokaci, sunan na'ura, sunan manhajar da ta yi magana, lambar aikinta, lambar irin saƙon, wasu ƙarin bayanai, sai saƙon kansa. Netcool kuma kamfanin Micromuse ne ya yi shi, IBM ta saye kamfanin a 2006. Babban teburinsa shi ne alerts.status, yana da gurabe da dama, kuma matakan tsananinsa irin na ƙa'idar X.733 ce da hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta fitar a 1992, wadda kamfanonin waya suka daɗe suna bi.

Inda suka rabu da gaske gurbi ɗaya ne, wanda Netcool ke kira Identifier, ni zan ce mashi gurbin shaida. Ba ita ce lambar jeri ta 1, 2, 3 da rumbun ke bayarwa da kansa ba, waccan tana da nata gurbin. Shaida haɗa ta ake yi daga sassan saƙon: sunan na'ura, kafar da abin ya shafa (wato inda ake jona waya a jikin na'urar), da irin matsalar. Duk saƙon da ya shigo sai a duba, in akwai layi mai wannan shaidar ba za a buɗe sabo ba. Za a ƙara ɗaya a gurbin ƙidaya, a sabunta lokacin ƙarshe, a bar lokacin farko yadda yake. Syslog ba ya da wannan ko kusa.

A ce akwai rediyon da ya haɗa ofis a Ƙofar Ƙaura da wata makaranta a hanyar Dutsin-Ma. Cikin damina iskar hadari ta taso da dare, ƙarfen da aka ɗaura rediyon a kai yana girgiza, haɗin ya yanke ya dawo sau 40 kafin asuba. A tebur irin na syslog za ka wayi gari da layi 80, arba'in na yankewa, arba'in na dawowa, a cakuɗe da saƙonnin sauran na'urori. In a tsakiyarsu akwai layi ɗaya da ke cewa batirin wani ƙarfe ya kusa ƙarewa, wa zai gan shi? A tebur mai shaida kuwa layi ɗaya ne: ya fara ƙarfe 1:10, na ƙarshe 5:20, ƙidaya 40. Da ganin 40 ɗin nan injiniya ya san ba waya ce ta tsinke ba, ba kuma wuta aka ɗauke ba, saiti ne ya saki, a hau sama a ɗaure.

Sai dai haɗa shaidar nan shi ne wurin da ake faɗuwa, kuma ta hanya biyu. In ka cusa mata abin da ke canzawa, kamar lokaci, ko ma'aunin zafi, ko matakin tsanani, kowane saƙo zai fito da sabuwar shaida. Zafin rauta ya kai digiri 70, layi; ya kai 71, wani layin. A watan Afrilu kafin la'asar teburinka ya cika, ka koma syslog ba ka sani ba. In kuma ka taƙaita ta, ka sa sunan na'ura kawai, to kafa ta 3 da kafa ta 7 sun zama abu ɗaya. Ta 7 na dawowa sai ta share ƙararrawar ta 3, alhali mutanen da ke kan ta 3 suna nan ba intanet. Wannan na biyun ya fi muni, domin allo zai nuna lafiya lau, sai kwastoma ya kira kafin ku sani. Ka duba yadda RFC 8632 ta 2019 ta yi: da abu uku take gane ƙararrawa, abin da ya lalace, irin lalacewar, da ƙarin bayanin da ke rarrabe irin. Tsanani ba ya ciki, shi yana hawa yana sauka ne a kan layin nan ɗaya. Kada kuma ka dogara da lambar kafa da SNMP, ƙa'idar da ake tambayar na'urori halin da suke ciki da ita, ke kira ifIndex, domin a wasu na'urori tana iya canzawa in an kashe an kunna. Haka adireshin IP in ba kafe shi aka yi ba. Yi amfani da sunan da ku kuka raɗa wa na'ura da sunan kafar.

Yanzu tsanani. A syslog matakai takwas ne, 0 zuwa 7, kuma 0 ita ce mafi muni, 7 bayanin masu gyaran manhaja ne kawai. A Netcool shida ne, 0 zuwa 5, amma a juye: 0 tana nufin an warke, 5 ce mafi muni. Zabbix, wata manhajar sa ido, shi ma 5 ce babbar masifa a wurinsa. Ke nan in ka kwashi lamba daga syslog ka zuba a gurbin Netcool ba tare da juyawa ba, saƙon gaggawa zai shigo maka a matsayin wanda ya warke. Akwai kuma wani abu mai zurfi da ya wuce juya lamba. Tsananin syslog ra'ayin wanda ya rubuta manhajar na'urar ne, bai san netwok ɗinka ba. Rautar Cisco in kafa ta faɗi tana aiko da saƙo mai tsanani 3, in kafar ta tashi ma 3 ɗin take aikowa.  Bambancin yana cikin rubutun saƙon, kalma ɗaya a ƙarshe. Kuma ba ruwanta ko kafar nan ta babbar faibar da ke ɗauke da kowa ce, ko ta firintar ofis. Shi ya sa nake so ka yi gurbi biyu: tsananin da na'ura ta faɗa, ka ajiye shi yadda ya zo, da tsananin da ku kuka yanke bisa ga mutum nawa abin zai taɓa. Ka ƙara na uku da ke cewa saƙon na matsala ne ko na warkewa. Netcool yana da shi, 1 matsala, 2 warkewa, kuma da shi yake haɗa saƙon dawowa da na faɗuwa in na'urarsu da rukuninsu da kafarsu sun zo ɗaya.

Maganar lokaci ta fi shafar mu nan fiye da waɗanda suka rubuta ƙa'idojin. Tsohon tsarin syslog ba ya sa shekara, ba ya sa yankin agogo, kuma har yau akwai na'urori masu yawa da shi suke aikowa. Ƙananan rautoci da rediyoyi da dama ba su da batirin agogo, in aka ɗauke wuta suka mutu, sai su farka da lokacin da ba daidai ba, wasu har su koma 1970, sai sun samu sabar NTP mai ba da lokaci su gyara. To saƙonnin farko bayan dawowar wuta, waɗanda su ka fi buƙata, su ne masu lokacin ƙarya. Syslog gurbin lokaci ɗaya ya ba ka, na bakin na'ura. Netcool yana da lokacin farko, da na ƙarshe, da lokacin da sabarsa ta karɓa, da lokacin da yanayin layin ya canza. Kai dai ka tabbata kana ajiye lokacin da sabarka ta karɓi saƙo, da shi za ka riƙa jerawa. Ajiye shi a agogon duniya na UTC, in za ka nuna a allo ka ƙara awa ɗaya ya zama namu na Najeriya.

Ga wani abin da ba a cika tunawa ba. Syslog a al'ada ta hanyar aika saƙo da ake kira UDP yake tafiya, haka ma saƙon gaggawa na SNMP, kuma UDP ba ya tabbatar da an karɓa. Rediyon da ke Mashi in zai gaya maka haɗinsa da Katsina ya yanke, ta wannan haɗin da ya yanke zai aiko. Saƙon ba zai iso ba. Teburin syslog wannan bai dame shi ba, abin da bai ji ba bai rubuta ba. Tebur mai shaida kuwa in saƙon warkewa ya ɓace, ƙararrawa za ta zauna ja har abada. Wannan rauninsa ne na gaske. Maganinsa biyu: manhajarka ta riƙa taɓa kowace na'ura da kanta lokaci-lokaci tana ganin ko za ta amsa, sannan ka sa gurbin wa'adi ga ƙararrawar da ba ta da saƙon warkewa. Ka kuma sa gurbin uwa, wanda ke nuna ƙararrawar da ta haifi wannan. Batirin sola ya ƙare a ƙarfen Mashi, duk abin da ke bayansa ta wajen Daura zai yi shiru lokaci guda. Matsala ɗaya ce, ba goma sha biyar ba. Nagios, wata manhajar sa ido, tun tuni yake bambanta na'urar da ta mutu da wadda ba a iya isa gare ta saboda ta gabanta ta mutu.

Guraben mutane kuma syslog ba ya da ko ɗaya, domin na'ura ba ta san wa ke bakin aiki ba. Wa ya ga ƙararrawar, yaushe ya karɓa, a hannun wa take, me ya yi. Netcool ya ware teburi daban na bayanan da ma'aikata ke rubutawa. Ni a wurina waɗannan guraben su ke hana a tura mutum biyu kan babur zuwa wuri ɗaya, ko kowa ya zauna yana zaton ɗan'uwansa ya tafi. Ka raba warkewar da na'ura ta faɗa da rufewar da mutum ya yi. Haɗi yana iya dawowa da kansa alhali ƙarfen yana nan a sake.

Kada ka ɗauka na yar da syslog. Akwai inda ya fi, kuma da nisa. Tebur mai shaida mantuwa gare shi: duk saƙon da ya shigo yana taka na baya, kuma Netcool a tsarinsa na asali yana goge layin da ya warke bayan ɗan lokaci kaɗan. In haɗi ya dawo aka goge, ya sake faɗuwa, ƙidayar nan ta 40 da na yaba ta koma 1. Ranar da shugaban makarantar nan zai zo ya ce awa nawa suka yi ba intanet a watan Agusta, ko mai netwok ya so sanin wane rediyo ne ya fi ba shi wahala a shekara don ya canza shi, layukan nan 80 su ne hujja. Ga shi da sauƙin rubutawa, ƙarawa kawai ake yi.

Don haka shawarata, ƙanena, ka yi teburi biyu, kuma ka fara da mai sauƙin. Na farko irin na syslog: lokacin karɓa, lokacin na'ura, sunan na'ura, adireshin da saƙon ya fito, tsananin asali, saƙon cikakke ba a taɓa shi ba, da shaidar ƙararrawar da ya faɗa ƙarƙashinta. Wannan ba a gyara shi, sai dai a kwashe tsofaffi in ya yi nauyi. Na biyu shi ne wanda mai aikin dare zai riƙa kallo: shaida, na'ura, kafa, irin matsala, tsananinku, lokacin farko, lokacin ƙarshe, ƙidaya, ta warke ko ba ta warke ba, lokacin warkewa, wa ya karɓa, uwa, wa'adi, da taƙaitaccen bayani da mutum zai karanta ya gane ko da barci a idonsa. Ba sai ka kwashe guraben Netcool duka ba, an yi su ne don netwok mai dubban na'urori. Ka sa wa gurbin shaida dokar hana maimaici a cikin rumbun kansa, manhajojin rumbun bayanai irin su MySQL da PostgreSQL duk suna da hanyar da za ka ce in layin yana nan a sabunta, in babu a ƙara, cikin umarni ɗaya. In ka bar wa manhajarka ta duba sannan ta rubuta, saƙo biyu za su iya shigowa tare su buɗe layi biyu. Layin da ya warke kuma kada ka ɗauke shi nan take, bar shi kamar awa ɗaya, in matsalar ta dawo a ci gaba da ƙidaya a kansa.

Unguwar da na'ura take, da ko sola take amfani da shi ko janareta ko wutar gari, da wanda ke riƙe da makullin wurin, waɗannan ka kai su teburin na'urori, ka riƙa jawo su ta suna.

Ranar kare aikinka gaban malamai, ɗauki rauta mai kafa biyu a haɗe. Zare wayar ta farko ka mayar sau 10, a na ƙarshe ka bar ta a zare, sannan ka zare ta biyu ka mayar sau ɗaya. Teburin farko ya nuna kowane saƙo a jere. Na biyu ya nuna layi biyu kacal: kafar farko tana ja da ƙidaya 10, ta biyu ta warke da ƙidaya 1. In dawowar ta biyu ta share ta farko, koma ka gyara shaidarka.